Ajiya ko dabaibayi?

A ƙarshen daminar bara wani tsohon ɗalibina ya same ni a ofis. Shekara goma ke nan da na koyar da shi darasin dangantakar ma'aikata da iyayen gidansu, yanzu kuwa shi ne jami'in kula da ma'aikata a wani kamfani da ke sayen riɗi da zoɓorodo yana fitarwa ƙasashen waje. Bayan mun gaisa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, taimako na zo nema." Masu sayen kayansu a Turai sun aiko musu da doguwar takarda, a ciki har da sharaɗin cewa lallai a horar da ma'aikatan kamfanin da dillalan da ke kawo masa kaya a kan yadda za a gane aikin tilas a kuma kauce masa. Sun haɗo da darussan a rubuce cikin Turanci. Abin da ake so daga gare ni shi ne in mayar da su Hausa, in tsaya gaban mutane kwana biyu in yi bayani, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu a takardar halarta.

Na karɓa ba tare da dogon tunani ba. Kuɗin da aka ambata ya kusa rabin albashina, kuma duk wanda ke koyarwa a jami'ar ƙasar nan ya san ba a yi wa irin wannan tayi yanga. Na ɗauka aikin rana ɗaya ne a kan tebur.

An yi bitar a ɗakin taro na wani otal. Mutum talatin da 'yan kai ne: akawu biyu, masu awo, masu kula da sito, sai dillalai waɗanda su ne mafi yawa, wasu daga ƙauyukan Jigawa, wasu daga kasuwannin kan iyaka. Aka kunna majigi. Shafin farko hoton hannuwa ne ɗaure da sarƙa, a ƙasansa kuma kalmomin da na fassara da kaina da "bautar zamani". Ban kai ga shafi na uku ba wani Alhaji mai furfura, wanda daga baya na ji ya haura shekara talatin yana sayen riɗi, ya gyara zama ya ce, "Dakta, mu ne masu bayin, ko wasu ake nufi?" Ɗaki ya yi tsit. Na shiga kame-kame, ina cewa ba kowa ake zargi ba. Daga nan har lokacin shan shayi magana nake yi da bango. Suna kallona cikin ladabi irin na wanda ya riga ya rufe kunnensa yana jiran kuɗin mota.

Laifina ne, domin ya kamata in fi Baturen da ya tsara darasin sanin nauyin kalmar a ƙasarmu. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. A Nijar kuwa, a 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai ta samu gwamnati da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda an tono asali. Mutumin da ya taso a nan, in ka ce masa "bauta", hoto ɗaya ne ke zuwa masa: mutum a hannun ubangijinsa, ana saye ana sayarwa. Ya duba sitonsa bai ga haka ba, shi ke nan ya wanke kansa, kai kuma ka zama ɗan saƙon Turawa da ya zo cin mutunci.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai awo, wanda kowa ke kira Baba. Muna shan shayi ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali, ko abin da nake ta kewaye-kewaye a kai irin diban gwamna ne. Na ce, "Baba, me ka sani game da shi?" Ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda aka ɗiba.

Da muka koma na kashe majigin, na roƙe shi ya faɗa wa jama'a. Matasan cikinmu ba su taɓa jin kalmar ba. A farkon 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzar da take buƙata, sai hankali ya koma kan ma'adinan Jos. Daga shekarar zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa hakimai da dagatai adadin mazan da kowanne zai kawo, aka kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a cikin sanyin tsaunukan Filato, inda da yawa suka mutu da ciwon ƙirji da yunwa. Baba ya ce mahaifinsa bai taɓa cewa an ɗaure shi ba. An ma biya shi 'yan kwabbai. Abin da ya riƙa maimaitawa har ya rasu shi ne ba a tambaye shi ba, kuma da ya gudo, dagaci zai kama ƙanensa a maimakonsa.

Nan na samu bakin zaren. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka ƙulla a 1930 kuma Najeriya ta rattaba wa hannu a 1960, ba ta ambaci sarƙa ba. Abu biyu ta duba: shin mutum da yardarsa ya shiga aikin, kuma shin akwai wata barazana da ke hana shi fita. (Ta bar ƙofa a buɗe saboda lokacin yaƙi, kuma ta wannan ƙofar aka bi da mahaifin Baba.) Na rubuta tambayoyin biyu a allo da Hausa. Sannan na ce su manta da Turai, kowa ya gaya mini yadda yake samun masu yi masa dako da sheƙa da tsinta idan kaka ta yi.

Abin da suka bayyana kowa ya san shi, amma ban taɓa jin an jera shi daki-daki ba. Dillali ba ya ɗaukar leburori ɗaya-ɗaya. Yana da heluma, wato shugaban leburori, wanda zai tafi garinsu, wani lokaci har tsallaken iyaka, ya taro samari 'yan ci-rani. Shi zai biya musu kuɗin mota. Sau da yawa zai bar wa iyayen yaro wani abu na kafin alƙalami. Idan an zo, shi ke ciyar da su a kan lissafi, shi ke ba su wurin kwana a bayan sito. Dillali kuma heluma yake biya, ba yaran ba. Heluma sai ya riƙe kuɗin a matsayin ajiya har ƙarshen kaka, ranar sallama ya cire mota, ya cire abinci, ya cire abin da ya ba iyaye, ya cire na magani in an yi ciwo, ya miƙa saura. Wasu har wayar yaro sukan karɓa su adana, wai don kada a sace.

Na tambaya, idan yaro ya ce zai tafi a tsakiyar aiki fa? Wani dillali ya yi dariya ya ce, "Dakta, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Aka bushe da dariya. Na ce to, ladan nan wa ya ci, yaron ko ubansa? Kuma in ya yi wata biyu cikin uku ya tafi, kuɗin wata biyun nan ina suke zuwa? Dariyar ta ragu. Wani ya ce gaskiya akan ce ya dawo ranar sallama. Wani ya ce wanda ya gudu ai ya yafe.

Mun shafe sauran yinin a kan wannan ajiya, kuma dole in yi wa dillalan adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Yaron da ya baro gida don ya tara kuɗin aure ko na taki ba shi da asusun banki. Yana kwana cikin mutum ashirin. In ka ba shi kuɗinsa kullum, ko a sace, ko su tafi a shayi da katin waya da caca, ya koma gida hannu rabbana, uwarsa ta tsine wa wanda ya kai shi. Yara da yawa su da kansu suke cewa a riƙe musu. Ni kaina, ina ɗan sakandare, na yi aikin hutu a shagon wani maƙwabcinmu, shi ya tara mini kuɗin da na sayi kekena na farko, har yau kuma ina yi masa addu'a. Ajiya tsohuwar amana ce a tsakaninmu. Darasin da aka aiko daga Turai ya jera "riƙe lada" a cikin alamomi goma sha ɗaya da ILO ta fitar a 2012, tare da bashin da ke ɗaure mutum, da ƙwace takardun shaida, da hana zirga-zirga, da sauransu, ya wuce. Bai san akwai riƙon da yake alheri ba, don haka ba shi da abin da zai ce wa mutumin da ya san akwai.

Amma kuma rahoton da ILO da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma a cikin manyan da ke yi wa 'yan kasuwa aiki, hanyar da aka fi bi wajen tursasa su ita ce riƙe musu lada: fiye da kashi ɗaya cikin uku. Duka da kulle ƙofa suna can baya. Ashe abin da muke kira ajiya, da shi aka fi ɗaure mutane daga Asiya har Turai. A Maleshiya, kamfanin Top Glove, wanda ya fi kowa yin safar hannu ta roba a duniya, hukumar kwastan ta Amurka ta hana kayan wasu rassansa shiga ƙasar a watan Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona, lokacin da duniya ke neman safar ido rufe. Babban dalili shi ne baƙin ma'aikata daga Nepal da Bangladesh sun ciwo bashi mai nauyi sun biya dillalan da suka samo musu aikin, ba su da halin barinsa. Sai da kamfanin ya mayar musu da fiye da dala miliyan 30 kafin a ɗage takunkumin a Satumbar 2021. Da na ba da wannan labari, wani mai kula da sito ya ce, "Ashe su ma suna da heluma."

Tare muka fitar da ma'auni, kuma yawancinsa daga bakinsu ya fito. Ajiya tana nan a matsayin amana muddin mai kuɗin ne ya nema, ya san nawa ne, kuma ranar da ya ce a ba shi za a ba shi ko da ya ce tafiya zai yi. Idan heluma kaɗai ya san lissafi, ko aka ce sai ranar sallama, ta zama dabaibayi, irin wanda ake sa wa jaki a bar shi yana kiwo: ba a ɗaure shi da turke ba, amma ba inda za shi. Alhajin nan da ya ƙalubalance ni da safe shi ya kawo shawarar a ba kowane yaro ɗan kati da za a riƙa rubuta masa aikin mako, ya riƙe a aljihunsa. Wani ya ce a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk Juma'a saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Wani ya tuna mana hadisin nan da kowane ɗan islamiyya ya haddace game da gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Na koma gida a ranar ina jin na yi abin kirki.

Washegari aka sauke mini girman kai. Ina cikin bayanin dalilin da ya sa masu saye suka matsa, cewa Ingila ta yi dokarta tun 2015, Tarayyar Turai kuma ta zartar da wadda za ta hana duk kayan da aka yi da aikin tilas shiga kasuwarta daga Disambar 2027, sai wani matashin dillali ya ɗaga hannu. Ya ce ya yarda da duk abin da aka faɗa jiya. Amma shi idan ya kawo riɗi tirela guda, kamfani sai ya yi sati biyar, wani lokaci shida, kafin ya biya shi. Manomi ba ya ba da kaya bashi. Mai mota ba ya jira. Cikin duk waɗanda ke binsa kuɗi, wa ya fi sauƙin cewa ya dakata? Ya juya wajen tsohon ɗalibina ya ce, "Yallaɓai, ku biya ni a mako, in biya yara a mako."

Ɗalibin nawa ya sunkuyar da kai. Ba shi ke sa hannu a takardar biya ba. Wanda ke sa hannun ya zo buɗe taro jiya, ya yi jawabin minti biyar, ya tafi. Shi ma in ka tambaye shi zai ce mai saye a ƙetare ba ya sakin kuɗi sai kaya sun hau jirgi a Legas, ga kuɗin ruwan banki. Haka jinkirin ke gangarowa daga hannu zuwa hannu, kowa na tura wa na ƙasa da shi, har ya isa kan yaron da ba shi da wanda zai tura wa. Kamfanin da ya aiko da darasi a kan riƙe lada, shi ne farkon mai riƙewa. Wannan ba ya cikin shafukan da aka ba ni.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata ba sam. Da yamma aka zagaya da mu sitonsu. A bayan katanga mata ne zaune a kan buhuna, sun fi hamsin, suna tsince zoɓorodo, ƙura ta rine musu hannu da mayafi. Gefe guda samari na sauke kaya. Kwana biyu muna magana a kansu cikin ɗaki mai sanyi, ba wanda ya gaya musu cewa akwai wata tambaya da suke da ikon yi. Na ce wa ɗalibina bitar da ta fi amfani ita ce ta minti ashirin a nan tsakar sito, da lambar wayar da yaro zai kira wadda ba ta heluma ba. Ya ce zai kai maganar gaba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai ba wannan ba ne. A daren na dawo gida a gajiye, yarinyar da ke taya mai ɗakina aiki ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Abba." Shekararta kamar goma sha biyar. Wata Hajiya ce ta kawo mana ita daga ƙauye wata takwas da suka wuce, kuma duk ƙarshen wata Hajiyar ke zuwa ta karɓi kuɗin, ta ce za ta kai wa uwar ana tara mata na kayan ɗaki. Ni nake ba da kuɗin da hannuna. Na tsaya da kofin ina kallon tambayoyi biyun da na rubuta a allo. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Na tambayi mai ɗakina ko ta san nawa ke isa hannun uwar. Ta ce, "Malam, ai haka kowa ke yi a unguwar nan." Gaskiya ta faɗa. Ba ma dukan yarinyar, abin da muka ci shi take ci, mun sa ta islamiyyar yamma. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, tamu kuwa ta wuce haka, kuma na kama kaina ina lissafa wannan a raina kamar lauyan da ke kare mai laifi. Da muka kira ta muka tambaye ta nawa ne albashinta, ba ta sani ba. Muka tambaye ta in tana son zuwa gida wa za ta gaya wa. Ta ce Hajiya ta ce sai shekara ta cika, saboda kuɗin da aka karɓa lokacin rashin lafiyar babanta.

Sai da muka yi kwana huɗu kafin mu samu uwar, ta wayar wani mai shago a garinsu. Abin da take karɓa bai kai rabin abin da nake bayarwa ba. Sauran, an ce mata, ana cire bashi ne. Ba ta san nawa ya rage ba. Kuma ba ta yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Roƙona ta riƙa yi kada in ɓata tsakaninta da Hajiya, domin ita ce ta tsaya musu ranar da ba kowa, kuma akwai ƙanwar yarinyar da suke fatan a samar wa gida.

Da Hajiya ta zo ƙarshen wata na zaunar da ita cikin girmamawa. Na ce ta faɗi abin da ya rage na bashin in biya gaba ɗaya, ladanta na kawo yarinya kuma in riƙa ba ta daban daga aljihuna, albashin kuwa a raba yadda uwar da yarinyar suka yarda, a rubuta a littafi. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Dakta, boko ya yi muku yawa." Ba ta faɗi adadin ba. Ta ce za ta duba.

Bayan mako biyu ta dawo da safe ina wurin aiki, ta ce uwar yarinya na nemanta da gaggawa. Mai ɗakina ba ta da hurumin hana 'yar mutane tafiya wurin uwarta, ta haɗa mata kaya. Da na kira mai shagon nan bayan kwana uku, ya ce ba ta iso garin ba. Daga baya wata maƙwabciya ta ce ta hango ta a wani gida a wata unguwa, tana shanya.

Na rubuta wa kamfanin rahotona, na sa maganar katin aiki, da karanta lissafi ranar Juma'a, da bitar tsakar sito, na sa maganar biyan dillalai cikin mako a sahun farko. Ɗalibina ya ce an aika wa masu saye hotuna da takardar halarta, sun yaba ƙwarai. An buga katin, dillalai huɗu suna amfani da shi, cikinsu har da Alhajin. Maganar biya kuwa ana dubawa.

Albashin yarinyar na mako biyun ƙarshe yana cikin ambulan a durowar mai ɗakina. Hajiya ta aiko sau biyu a ba ta, na hana. Na gaya wa mai shagon ya shaida wa uwar cewa kuɗin na nan, kuma ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga mota in kai mata da kaina, in tambaye ta sunan unguwar da 'yarta take.